Bayan Jabo, wa zai faɗa wa manomi cewa wannan jirgin na awo ne?

Idan kana cikin masu kwana da waya a hannu, ba sai na tuna maka daren 25 ga Disamban 2025 ba. Kafin gari ya waye sunan Jabo ya cika Facebook da TikTok da X, har waɗanda ba su san a wace jiha garin yake ba sun zama masana a kansa. Shugaban Amurka Donald Trump ne ya fara sanar da cewa sojojinsa sun kai hari a Jihar Sakkwato. Daga baya ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, ya ce dajin Bauni da ke ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa, ɓaraguzan makaman ne suka faɗo a Jabo da kuma Offa ta Jihar Kwara. Tangaza tana can arewa wajen iyakar Nijar, Jabo kuwa tana kudu, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Allah ya tsare, ba a rasa rai a Jabo ba. 'Yan jarida sun zo, sun ɗauki hoton ramin da ƙarafunan, sun koma.

Bayan tafiyarsu mutane sun ci gaba da kallon sama. Makonni kaɗan da faruwar abin na je gida biki. Wani yaro mai ɗaukar hoto, irin waɗanda ake ɗaukowa daga Sakkwato, ya fito da ɗan jirginsa maras matuƙi, wanda mu muke kira diron, don ya ɗauki rakiyar amarya daga sama. A da, yara ne za su bi shi da gudu suna ɗaga masa hannu. Wannan karon da aka ji ƙugin nan kamar na taron zuma, gwaggona ta suri jikanta ta shige ɗaki. Kawuna ya taso ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ɗana, sauke abin ga. Garin ga ba mu son komi bisa kanmu yanzu." Yaron ya sauke, aka ƙarasa biki da kyamarar hannu.

Ban ga laifin kawu ba. Mutumin da ya ji labarin Tudun Biri a Kaduna, inda jirgin soja maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wajen Maulidi ranar 3 ga Disamban 2023, sannan ya ji na ƙauyukan Silame nan cikin jiharmu a Disamban 2024, sannan abu ya faɗo a gonar garinsu, ba za ka ce masa ya tsaya ya tantance irin jirgin da ke ƙugi a kansa ba.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne akwai wani irin jirgin da ke tafe gonakinmu, ba na yaƙi ba, ba na biki ba. Na awon ƙasa ne. Kuma a ganina, idan ba mu shirya masa ba, zai iya raba manomi da gonarsa cikin ruwan sanyi, ba tare da ko ƙarar fashewa ba.

Ka dubi ayyukan da ake yi a Arewa yanzu. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, daga Illela har bakin teku a Legas, ta ratsa jihohi bakwai. Kashin farko na Jihar Sakkwato kilomita 120 ne, na Kebbi 258, kamfanin Hitech ke aikin, ministan ayyuka David Umahi yana ta zuwa duba shi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614. Duk aiki irin wannan, tun kafin katafila ta taɓa ƙasa sai safiyo ya riga ta zuwa. Shi ke cewa nan hanya za ta bi, nan za a sa gada, nan za a tsaya. Yau a duniya aiki mai wannan girma da jirgi da na'urar leza ake auna shi, domin sun fi sauri, sun fi arha idan filin yana da yawa. Ko babbar hanya ba ta biyo ta ƙofar gidanku a Tambuwal ko Kebbe ba, wata rana aikin madatsar ruwa, ko layin lantarki, ko fitar da filaye zai biyo.

Ka san safiyon da muka saba gani: mutum da na'ura mai ƙafa uku, yana leƙawa, wani can nesa riƙe da sanda mai ja da fari. Wuri ɗaya bayan ɗaya suke aunawa, su yini cikin rana, su kafa turakun siminti. Aikin yana da jinkiri, amma yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Kowa yana ganinsu. Mai gona zai ajiye fartanya ya zo ya tambaye su lafiya, mai unguwa zai ji, kafin la'asar gari ya san ana awo.

Jirgin awo ba haka yake ba. Mutum biyu za su tsaya a bakin hanya, su zana filin da suke so a kan allon waya, jirgin ya tashi kamar mita 100 sama, ya riƙa kai da komo a layi kamar mai huɗa, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kowane hoto yana hawa kan mafi yawan na bayansa. Kwamfuta ce za ta ɗinke su su zama hoto guda na filin gaba ɗaya, wanda kowane ɗigo a cikinsa bai wuce santimita 2 ko 3 na ƙasa ba. Za ka iya ƙirga kunyoyin gona a ciki. Saboda an ɗauki kowane wuri ta kusurwoyi da yawa, kwamfutar tana fitar da tudu da kwari, kamar yadda idanunka biyu suke gane nesa da kusa. Don kada hoton ya goce daga inda yake a doron ƙasa, ana shimfiɗa alamomi a ƙasa a auna su da GPS na ƙwararru, wanda kuskurensa santimita ne kaɗan. Na wayarka kuskurensa mitoci ne, shi ya sa wani lokaci taswira take nuna kana gidan maƙwabci alhali kana ɗakinka.

Na'urar leza kuma, wadda Turawa ke kira LiDAR, ba hoto take ɗauka ba. Haske take harbawa, ɗigo dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, ta lissafa lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya bugi abu ya dawo. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka daga lokacin ake samun nisa. Wasu ɗigogin suna bi ta tsakanin ganyaye su kai ƙasa, sai a iya cire itatuwa da ciyawa a kwamfuta a ga ainihin shimfiɗar ƙasar. Ana ɗora ta a kan jirgi, ko mota, ko a kafa ta a ƙasa a auna gada ko gini. Idan kana riƙe da iPhone Pro daga 12 zuwa sama, ƙaramarta tana nan kusa da kyamararka tun 2020, kai dai hoton dare kake yi da ita.

Amfanin wannan a wajenmu ba ƙarami ba ne, kuma ba na so a ɗauka ina cikin masu tsoron sabon abu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Bambancin rabin mita, wanda ido ba ya gani, shi ke sa ruwan damina ya bi gabas ko yamma. Hanya kuma cikon ƙasa ce mai tsawo. Idan aka sa kwalbati a inda ba nan ruwa yake bi ba, hanyar ta zama madatsa, gefe ɗaya ya zama tafki, gero ya ruɓe a tsaye. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san wata hanya da ta yi haka. Awon da ya ɗauki tsayin kowane taku na fili yana rage irin wannan kuskure sosai. Haka kuma idan ɗan kwangila ya ce ya zuba ƙasa tifa kaza, a tashi jirgi kafin aiki da bayan aiki, kwamfuta ta faɗi yawan abin da aka zuba. Ramukan da ake ɗibar jan ƙasa a bari buɗe, su cika da ruwa yara su riƙa faɗawa, su ma duk suna fitowa a hoton da zurfinsu. Wato na'urar da za ta iya kama ƙaryar ɗan kwangila ce, idan wanda ke riƙe da ita yana son kamawa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Hoton yana ganin gona, ba ya ganin mai ita.

Ka ɗauki gona guda a bayan Jabo. A hoto fili ɗaya ce mai hekta biyu, gamba ta zagaye ta. A gari kuwa kowa ya san gonar gado ce da ba a raba ba, mutum shida ke da haƙƙi a ciki, biyu mata ne da ke aure a wani gari. Wanda ke nomanta yanzu jingina ya karɓa shekara huɗu da suka wuce. Kusurwar gabas aro aka ba wani almajiri da ya girma a gidan. Kukar da ke tsakiya ta wata tsohuwa ce, ita ke cin kuɗin ganyenta tun mijinta na da rai. Gefen arewa burtali ne, shanu ke bi bayan an yi girbi. Duk wannan babu shi a takarda. Yana kan mai unguwa da hakimi da dattawa da maƙwabtan gona. Leza ba ta da hanyar auna shi. Idan wanda ya zo biyan diyya ya zauna a ofis da hoto mai kyau, ya rubuta sunan wanda ya tarar a gonar ranar, to an zalunci mutum takwas da hoton da babu kuskure a cikinsa ko na santimita ɗaya.

Sai maganar lokaci, wadda ita ta fi damuna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da gyaran da aka yi mata. Ita ƙasar kanta ba a sayenta daga hannunka. Yanzu ka tambayi kanka, yaushe ne ya fi daɗin tashin jirgin awo? Da rani, lokacin da babu ruwan sama, babu ciyawa, ƙasa ta fito fili, matuƙar dai hazon hunturu ya lafa. Injiniya yana da gaskiya idan ya zaɓi wannan lokaci. Amma gonar tudu a watan Maris fako ce. Babu gero, babu dawa, babu wake, ko karan an kwashe. Idan wannan hoton ne ya zama shaidar abin da ke gonar, manomin da ke ciyar da mutum goma sha biyar daga cikinta zai fito a lissafi kamar mai riƙe da fili banza. Mai lambun albasa a fadama zai fito kore shar, maƙwabcinsa na tudu ya fito babu komai. Babu wanda ya yi ƙarya, ranar ɗaukar hoton ce kawai ta yanke hukunci.

Mu a wannan yanki bai kamata a koya mana haɗarin wasa da diyyar gona ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. An kwashe gonaki, an baje iyakoki don shimfiɗa filin ban ruwa, manoma suka yi ta jiran diyya da sabon rabo. Da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Har yau ana jayayya kan adadin waɗanda suka mutu, gwamnati ta faɗi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suna maganar ɗaruruwa. Tambayi kakanka, wataƙila ya san wani da abin ya shafa. Tushen rikicin shi ne wa ke da wace gona, nawa ce, me ke cikinta, kuma wa ke riƙe da littafin da aka rubuta hakan.

A nan ne nake ganin jirgin zai iya zama alheri ga talaka fiye da kowa, da sharaɗi guda: a nuna masa hoton. A buga shi babba a kan takarda, a kafe a ƙofar fadar uban ƙasa ko a makarantar firamare, kowa ya zo ya sa yatsa ya ce nan tawa ce, maƙwabci ya ce e ko a'a a gaban jama'a. Ruwanda ta yi kusan haka. Tsakanin 2009 da 2013 ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista, da hotunan sama da aka buga a takarda, da mutanen gari da aka horar suna bin gona-gona tare da masu ita. Hoton da aka kafe a fili yana toshe ƙofa biyu lokaci guda. Jami'i ba zai rage maka hekta ba, kuma mu ma, a faɗi gaskiya, ba za mu kafa bukkoki cikin dare a kan layin hanya don a biya mu ba, ko a cusa sunayen mutanen da ko fartanya ba su taɓa riƙewa a wurin ba. Wannan ɗabi'ar tana nan, kowa ya sani, kuma ita ke ba jami'ai hujjar zargin kowa.

Idan kuwa hoton ya tsaya a kwamfutar kamfani da ta ma'aikata, to ƙarfin ya ƙara komawa gefe ɗaya. Su suna da gonarka har kunya-kunya, kai kana da rantsuwa. Jihohi suna ta kafa hukumomin taswirar filaye na kwamfuta, irin KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, kuma abin da ya shiga cikinsu shi ne zai zama gaskiya a gaban hukuma nan da shekara ashirin. Ka tuna akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Tana ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi bayani, kuma ta ce a amsa cikin kwana bakwai. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan gari za ta iya neman taswirar layin da aiki zai bi da jerin sunayen masu diyya. Wannan ya fi zagin minista a ƙarƙashin hotonsa amfani, ko da yake na san zagin ya fi kawo masu dannawa.

Mu koma ga kawuna da ƙugin da ke kansa. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Suna da dalili, domin 'yan ta'adda a Arewa maso Gabas sun fara amfani da irin waɗannan ƙananan jirage. Amma izinin Abuja takarda ce a jakar matuƙi. Matar da ke tsinkar kuka a bayan gari ba ta gan ta ba. A wuri kamar Jabo, ko ƙauyukan Kebbe da ke bakin daji, jirgin da ya bayyana babu sanarwa zai iya sa a watse daga gona, ko 'yan sa-kai su harbo shi, ko a tare yaran da ke tuƙa shi a ce masu kai wa ɓarayi rahoto ne. Kuma ka san yadda muke: kafin a gane gaskiya wani ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok ya rubuta "Amurka ta dawo", mutum dubu hamsin sun gani. Maganin bai da tsada. A je wa uban ƙasa da hakimi kwana uku kafin ranar, a yi shela a masallacin Juma'a da kasuwa, a faɗa a rediyo, a ajiye jirgin a ƙasa yara da manya su zo su gan shi, a sa ɗan gari ya tsaya kusa da matuƙin. Ni a ganina gwamnatin jiha ta sa wannan cikin sharuɗɗan duk kwangilar da za a yi awo da jirgi.

Ɗan garin da zai tsaya kusa da matuƙi, me zai hana ya zama shi ne matuƙin? A Zanzibar, daga 2016, ɗaliban jami'ar tsibirin ne aka horar suka tashi jiragen da suka yi taswirar ƙasarsu. Mu nan muna da yara da yawa da suka iya juya diron a kan ango da amarya ko a kan taron siyasa. Sai dai kada a ruɗe ka, iya tuƙi ba shi ne safiyo ba. Taswirar da hukuma da kotu za su karɓa sai da sa hannun safiyo mai rajista da majalisar SURCON. Ana karanta fannin a ABU Zariya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo. Ke ma da kike cike JAMB bana, babu inda aka rubuta cewa na maza ne kaɗai, rabin aikin ma a gaban kwamfuta ake yinsa. Manhajojin QGIS da OpenDroneMap kyauta ne, datar da kake ƙonawa a kallon rigimar 'yan TikTok ta isa ka fara koyo. Safiyon da ya san bambancin aro da jingina, ya san cewa fako a Maris gona ce a Agusta, ba daga Legas za a kawo shi ba.

Kafin nan akwai abin da za ka iya yi da wayar da ke hannunka. In ka je gida, ka bi mahaifinka ko mahaifiyarka gona, ku zagaya iyaka, ka kunna alamar wuri a kyamara ka ɗauki kowace kusurwa da kowane itace mai amfani. Ka rubuta sunayen maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa, da yadda aka same ta, da duk masu haƙƙi a ciki har da mata, mai unguwa ya shaida. Wannan ba takardar mallaka ba ce, kuma na faɗa maka GPS ɗin waya yana gocewa da mitoci. Amma ranar da aka shimfiɗa maka hoton sama a kan tebur, kai ma kana da abin da za ka shimfiɗa, mai kwanan wata a jikinsa.

Ni da ta kawuna na fara. Ya bar ni na ɗauki kukar da aduwoyi uku da layin gamba, yana biye da ni yana faɗa mini sunan mai kowace gona da muka wuce. Da na ce mun gama sai ya girgiza kai, ya ce in dawo cikin Agusta in sake ɗauka, lokacin da gero ya rufe mutum.